Ranar da Dutsen Birni Ya Tsage

Shekarun baya, lokacin ina sabon mushe, wato malamin makarantar boko, a wata lakwal a nan Damagaram, gashin kaina bai fara gudu ba tukuna, ina da wani aboki mai zane. Tun da safe yake faɗo mini a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarinsa, ko na rage abin da ke ƙirjina.

Sana'arsa fenti. Shi ke rubuta allunan shaguna, ya zana kawunan samari a bangon masu aski, ya zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Barebari ne su, kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a unguwar Birni aka haife shi, gidansu na gindin duwatsun nan da yara ke hawa. Tun muna ƙananan aji muke tare. Abin da ya haɗa mu kuwa littattafan zane ne na Faransanci, waɗanda muke cewa bede, masu labarin jarumai masu tashi sama cikin riga mai ɗame jiki. A gefen kasuwa muke samun su wurin masu tsofaffin littattafai, wani ba bango, wani ba ƙarshe. Sau da yawa sai labari ya kai inda ya yi daɗi, ka juya shafi ka tarar mai ƙosai ta riga ka.

Akwai wani guda da ban manta ba. Jarumin ya gama da duk mugayen duniya, sai ga shi kwance a gado ba lafiya, abokansa masu ƙarfi sun kewaye shi. Shafukan ƙarshe babu su. Muka yi ta gardama har muka daina magana na ɗan lokaci. Ni na dage sai ya tashi, don a sanina jarumi ba ya mutuwa a kan katifa. Shi kuwa ya ce, "Ya mutu mana. Dubi yadda aka zana hannunsa." Na duba, na sake dubawa, ban ga komai a hannun ba. Haka nake har yau, sai an nuna mini abu da yatsa.

Da muka girma, kowa ya kama aikinsa, sai abokina ya ƙirƙiro nasa jarumin. Ya sa masa suna Dutsen Birni. Mutumin ga-ruwa ne, yana yawo da garwa biyu a sanda, ba wanda ke kallonsa sau biyu. Amma in masifa ta taso sai ya shige tsakanin duwatsu, ya fito jikinsa ya koma dutse, da jan rawani a kansa. Ya taɓa tare motar da birki ya tsinke mata da ƙirjinsa. Ya taɓa kokawa da wani aljani mai shanye rijiyoyi. Ya taɓa ɗaga dutse guda, ruwa ya ɓullo, unguwa duka ta sha ta yi wanki. Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san dalilin da ya sa jarumin namu ruwa yake bi.

Yadda muke aikin shi ne, shi ya zana, ya bar 'yan balan-balan ɗin nan na magana fayau a bakin mutane, ni kuma in cike su da Hausa. Bai taɓa gaya mini abin da zan rubuta ba. In na tambaye shi sai ya ce, "Mushe, kai ne mai baki, ni hannu gare ni." Na taɓa gwada zanen don kada a raina ni. Jaki na zana, ya karɓa ya juya takardar, ya tambaye ni teburin wane ne. Daga ranar na tsaya a matsayina. Duk Juma'a bayan la'asar yaran unguwa su taru a gindin dogon yaron ƙofar gidansu, in karanta musu ina sauya murya, in yi ta aljani, in yi ta tsohuwa. Shi kuwa yana can gefe yana wanke burushinsa da kananzir, kamar abin bai shafe shi ba.

Cikin yaran akwai 'yarsa, wadda ita ce 'yar fari, ita kaɗai kuma Allah ya ba shi. Kun dai san alkunyar ɗan fari a wurinmu, to a gidansu abin ya fi na kowa. Bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke," ko "waccan," shi ke nan. In ta kawo masa ruwa sai ya karɓa yana kallon wani wuri. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ko tana jaririya. Haka ya tashi ya ga ana yi, haka ya yi. Amma ni da nake cike balan-balan na san abin da na sani. A kowane labari akwai wata 'yar yarinya mai wushirya, wadda ke riƙe wa jarumi sandar garwarsa in zai shiga faɗa. 'Yarsa ma wushirya gare ta. Na taɓa ce masa, "Yarinyar nan ta yi mini kama da wata." Ya ce, "Yara ai duk kamarsu ɗaya." Sai dai in ina karatu, da gefen ido yake duba ko ta yi dariya. Ranar da ba ta yi ba kuwa, laifina ne, maganar da na rubuta ce ba ta da gishiri.

Tana aji uku ciwo ya fara kama abokina. Da farko gajiya ce, ya hau tsani ya sauko yana haki. Sai idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwoyi. Sai ciki ya fara kumbura, jiki na ramewa. Likitocin nan suka yi nasu, suka ce a kai shi Yamai. Ni na raka shi. Bayan an gama gwaje-gwaje, likitan ya zaunar da mu, ya fuskance ni yana Faransanci, ko ya manta abokina ma ya yi lakwal, ko kuwa sane yake, ban sani ba. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Ya rubuta maganin rage zafi, ya ce, "Ku koma gida, ya zauna cikin iyalinsa." Ba wanda bai san ma'anar wannan magana ba.

Hanyar Yamai zuwa Damagaram ba kusa ba ce. Mun yi hirar kokawa, mun yi ta tsadar fenti, mun yi ta wani malaminmu mai fizgar kunne. Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba har muka sauka.

A gida sai aka shiga abin da aka saba. Masu dubiya su shigo, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Su ce, "Ai ka ma yi kyan gani." Mutum ya fita zaure ya share hawaye, wani ya shigo ya maimaita. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Iya kamar yadda yake kiranta, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta. Na gaya mata abin da likita ya ce, ta ji, ba ta yi kuka a gabana ba. Bayan 'yan kwanaki ta yanke shawara. Da an rufe lakwal za a kai yarinyar Tirmini wurin dangin uwarta, ta zauna can har Allah ya yi ikonsa. In ta dawo a ce mata babanta ya koma Yamai neman magani. In ta girma za ta gane da kanta. Matarsa kuwa a lokacin ba ta san inda kanta yake ba. Ni kuma, gaskiya, na ga shawarar ta yi daidai.

Ana cikin haka ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a jingine, allo a kan gwiwa, ya miƙo mini sababbin shafuka. Na yi murna, na ce jiki ya fara kyau ke nan. Labarin kamar kullum ne, sai dai a hoton ƙarshe akwai wani siririn layi a ƙirjin Dutsen Birni, kamar tsagar da bango ke yi bayan damina. Na sa wa jarumin magana a baki, "Wannan ai ƙwarzane ne!" Na karanta wa yara, suka yi shewa. Mako na gaba tsagar ta kai kafaɗa, garwa ta suɓuce masa ruwa ya zube a ƙasa. Sai na rubuta wa yarinyar mai wushirya, "Kada ka damu, akwai wani malami a bayan Agadas mai maganin tsagar dutse."

Da na kawo masa ya karanta, ya daɗe yana kallon takardar.

Ya ce, "Mushe, ina ka ga malami a zanen nan?"

Na ce, "Ai za ka zana shi mako mai zuwa."

Ya ce, "Ba zan zana ba."

Na fara yi masa surutu, yara ne, ba za su ji daɗi ba, jarumi ai sai ya samu mafita. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in tura ƙyauren, ya ba ni labarin da duk tsawon zamanmu bai taɓa ba ni ba.

Ya ce lokacin da mahaifinsa ya kwanta ciwo yana ɗan ƙarami, sai aka ɗauke shi aka kai Garagumsa wurin wata gwaggonsa. Da aka maido shi, aka ce babansa ya tafi Kano saro kaya. Dama ɗan kasuwa ne, ya saba tafiya, don haka ya yarda. Kullum in aka taso daga makarantar allo sai ya zarce tasha, ya tsaya inda motocin Kano ke sauke mutane, yana duba fuskoki. Aka yi damina, aka yi wata. Da ya gaji da jira sai ya fara jin haushi. Ya ce a ransa mutumin nan ya samu wasu 'ya'yan a Kano ya manta da shi. Har ya daina yi masa addu'ar dawowa. Gaskiyar kuwa a bakin wani yaro ya ji ta, suna faɗa a kan ƙwallo, yaron ya ce, "Kai da ubanka ya mutu."

Ya ce, "Mushe, mutumin na kwance a kabari, nan bayan gari, ni kuma ina yawo ina ƙinsa. Har yau in na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai na ji kunyarsa."



Ya ce, "Waccan ba ta san komai a kaina ba. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ce mata sannu ba. In aka ce mata na tafi na bar ta, me zai hana ta yarda? Ni bakina ba zai buɗu in gaya mata ba, ka san ni. Iya kuma ba zan tsaya ina ja da ita ba. Amma ba wanda ya hana ni zane. Saura labari ɗaya. Ka rubuta abin da ka gani, ba abin da kake so ba, ka karanta mata kafin a tafi da ita."

Na fito daga ɗakin. Ban so in yi abin a bayan idon Iya ba, gidanta ne, kuma ta ciyar da ni tun ina yaro. Na same ta a bakin murhu na durƙusa, na gaya mata abin da ɗanta ya roƙe ni. Labarin tasha ne kawai na ɓoye, don na ga ba nawa ba ne. Ta saurare ni tana tura icce.

Ta ce, "Ɗan nan, 'ya'yanka nawa?"

Na ce, "Ban yi aure ba tukuna, Iya."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya fi mari. Can ta ci gaba, "Zuciyar yaro ƙarama ce, ba a ɗora mata kayan manya. Yarinya ta ga ubanta yana fita, ta tashi da firgita, wa zai kwana da ita? Kai? Kuma likita Allah ne? Cuta ba mutuwa ba ce, ba wanda ya san gawar fari. Ku kuna zaune kuna kira masa ita da bakinku."

Na ce, "Iya, shi ya roƙa."

Ta ce, "Mara lafiya ba abin da ba ya roƙo. Karatun zanenku ba ruwana da shi, kun saba abinku. Amma da an ba su hutu yarinya za ta tafi."

Ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba. Na tashi na tafi da wannan.

Shafukan ƙarshe sun ɗauke shi lokaci, don hannun ya fara rawa, sai ya zana kaɗan ya huta. Da ya ba ni na kai su ɗakina na shimfiɗa a kan tebur. Dutsen Birni na zaune a gindin duwatsu, tsagar ta sauko daga kafaɗa har ciki. Ba aljani, ba mugu, ba wanda za a yi faɗa da shi. Yarinyar mai wushirya ta kwaɓo laka a ƙwarya tana liƙa masa, yadda ake yaɓen bango kafin ruwa ya sauka, lakar na faɗowa. A wani hoton ta ɗago kai tana tambayarsa. A wani ya dafa kanta da wannan ƙaton hannu nasa. A na ƙarshe ita ce take tafiya da sandar a kafaɗa, da 'yan ƙananan gwangwanaye biyu, a bayanta kuma an samu ƙarin dutse ɗaya cikin duwatsu.

Ni mai baki, wanda ke cike shafi kafin shayi ya huce, na yi kwanaki ina kallon balan-balan ɗin nan. In rubuta in goge. Duk abin da na sa sai in ga ko wa'azi ne ko ƙarya. Ban samu kansa ba sai da na daina neman magana mai kyau.

Aka rufe lakwal. Ana gobe za a tafi da ita na zo bayan la'asar. An riga an ɗaure mata 'yan kayanta a ƙulli, tana ta murna za ta je ƙauye ta sha nono. Abokina ya ce kada a tara yara, a karanta a tsakar gida, kusa da tagar ɗakinsa. Na zauna a kan tabarma, ta zauna kusa da ni. Iya na can gefe da faifai a cinya tana tsince shinkafa. Matarsa ta shige madafa ba ta fito ba. Shi yana ciki, labule a sake, amma na san yana ji.

Na fara da muryar jarumi, wannan mai kauri da yara ke so. Ta yi dariya da lakar ta faɗo karo na farko. Karo na biyu ba ta yi ba. Na karanta inda yake cewa, "Bar shi haka, 'yata. Ba laifinki ba ne, ba kuma laifina ba." Na karanta inda take tambaya, "To ina za ka?" Daga nan muryar jarumin ta gudu ta bar ni, da tawa na ƙarasa. "Ba tafiya zan yi ba. Mutuwa zan yi. Da an ba ni zaɓi, da ban bar ki ba ko na yini ɗaya."

Ina jin ƙwayar shinkafa na faɗawa a faifai.

Ta karɓi takardar daga hannuna ta kai kusa da fuskarta.  Sai ta ce, "Tonton," haka take kirana, wato kawu, "dubi idonsa."

Na duba. Duk zanen da baƙar tawada aka yi shi, in ban da jan rawanin, amma a cikin idon Dutsen Birni an ɗiga rawaya. Na kwana da takardun nan a gabana, na ɗauka dattin fenti ne.

Ta ce, "Irin na Baba."

Ta juyo ta dube ni sosai, ta ce, "Tonton, Baba mutuwa zai yi?"

Wallahi na shirya wa wannan tambaya, har na haddace amsa a hanya.   Amma da ta zo, abin da na iya kawai shi ne na juya na kalli Iya, ita da ta ce ba ruwanta.

Iya ta ajiye faifan a ƙasa a hankali. Ta kakkaɓe zaninta. Na ɗauka za ta daka wa yarinyar tsawa ta ce ta bar maganar banza, sannan ta kore ni daga gidan, kuma da ta yi haka ba zan ga laifinta ba.

Ta ce, "Zo nan."

Yarinyar ta je ta tsaya a gabanta.

Ta ce, "I, zai mutu. Ni ma zan mutu, ke ma haka, kowa da ranarsa a wurin Allah. Amma shi likitoci sun ce tasa ta kusa. Kin ji?"

Ta gyaɗa kai. Ba ta fara kuka ba tukuna. Iya ta miƙe da ƙyar, ta kama hannunta, ta kai ta ƙofar ɗakin, ta ɗaga labule. Ta yi wa ɗanta wata gajeriyar magana da Barbarci wadda ban ji ba, sannan ta ce da Hausa, "Ga 'yarka nan." Ta tura ta ciki ta saki labulen.

Ta dawo ta zauna ta ɗauki faifanta. Hannunta na cikin shinkafar amma ba tsinta take ba. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Na yi wannan ƙarya sau ɗaya. Kana tsammani ban san yana zuwa tasha ba? Ni ke bin sa daga nesa, in tsaya bayan masu lemo har ya gaji ya juyo. Kullum in ce gobe zan gaya masa."

Nan ne na ga hawayenta, karo na farko kuma na ƙarshe. Ni ma ban tsaya wani jarumta ba, na sunkuyar da kai na yi nawa.

Ba a je Tirmini ba. Aka kwance ƙullin kayan. Abokina ya ƙara 'yan makonni, har ya ji ƙamshin ruwan farko. Ya rasu wata safiya bayan an sha koko, mahaifiyarsa da matarsa na kansa. Muka kai shi bayan gari, ba nisa da inda mahaifinsa yake. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya zo wa yarinyar da sauƙi ba. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin yaro ya yi ba. Ta daina cin abinci, ta rame, ta yi zazzaɓi har aka kwana da ita a gidan likita. Mutane suka samu abin faɗa. A wurin zaman makoki na ji da kunnena wata tana cewa, "Aikin 'yan boko ne, sun karanta wa yarinya mutuwar ubanta a takarda." Na shanye, don ni ma a lokacin ban tabbata ba a kan gaskiya nake. In na gan ta zaune a zaure ta yi tagumi sai in ce da ma mun bar Iya ta yi yadda ta tsara. Na daɗe ina ɗauke da wannan tambayar, na yi aure tana raina, na haifi nawa 'ya'yan tana raina.

Ban zo in ce iyayenmu mugaye ba ne da suke ɓoye wa yara mutuwa. Tausayi ne, kuma na ga irin nauyin da mai ɓoyewar ke ɗauka. Ban kuma ce kowane yaro a zaunar da shi a gaya masa ba. Abin da na koya ƙarami ne. Muna yara mun so jaruman nan ne don ba abin da ke kayar da su, kuma manya na yi mana faɗa wai muna ɓata lokaci a kan tatsuniyar Nasara. Sai ga shi ranar da wani uba ya rasa hanyar yi wa 'yarsa magana, ba a huɗuba ya same ta ba, ba a littafin lakwal ba, sai a jikin ga-ruwa mai jan rawani. Kuma jarumin bai yi amfani ba sai da aka bar shi ya faɗi.

Yarinyar ta girma, ta yi aure, tana Kara-Kara da mijinta. Iya ta riga mu gidan gaskiya da daɗewa. Kwanakin baya yarinyar ta zo gaishe ni da jaririnta a baya, muka zauna muna hira, har muka zo kan mahaifinta. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Ran nan da Iya ta tura ki ɗakin, me ya ce miki?"

Ta yi murmushi, wushiryar na nan yadda take. Ta ce, "Bai ce komai ba, Tonton. Ka san shi."

Na ce, "Ko sunanki?"

Ta ce, "Ko sunana. Ya dai matsa mini wuri a bakin gado, na zauna. Ya kama hannuna ya riƙe, yana ta kallona har aka kira magariba. Ni ban taɓa ganin idonsa da kusa ba sai ran nan, don bai taɓa duba na ido cikin ido ba."

Na ce mata na daɗe ina tunanin ko mun cuce ta, ganin irin wahalar da ta sha bayan nan. Ta gyara goyonta.

Ta ce, "Na sha wahala, gaskiya ne. Amma da an kai ni Tirmini, Tonton, da har yau ina nan ina tsammanin ba ya sona."